Baiti Arba'in da Suna Guda

Godiya ta tabbata ga Wanda Ya rarraba harsuna tsakanin bayinSa, Ya sanya rarrabuwar ta zama abin lura ga masu hankali, ta kuma zama jarrabawa ga tsofaffi irina. Tsira da aminci su ƙara tabbata ga fiyayyen halitta da iyalansa da sahabbansa.

Bayan haka, ni ne Isiyaku, wanda Takari, wato Hausawan da suka zauna a Makka, suke kira Malam Isiyaku mai nahawu. Ba zan tsaya ba da labarin yadda na baro ƙasar Zazzau ba, domin an daɗe, kuma mafi yawan waɗanda suka raka ni tasha sun riga mu gidan gaskiya. Na dai shigo garin nan da niyyar in yi hajji, in zauna gaban malamai shekara biyu, in koma. Yau shekara arba'in da biyar ke nan, kuma takardar iƙama, wato izinin zama, ban taɓa riƙe ta da sunana ba.

Zangona na farko Nakkasa ce, unguwar da take rataye a jikin dutse, inda mutum yake ɗebo ruwa a ƙasa ya hau da shi yana haki. A can muka zauna ni da maiɗakina, Hajiya Rabi. Da safe ina tura arabiyya a Harami, wato keken da ake ɗora tsofaffi da marasa lafiya a kai su ɗawafi da sa'ayi, ina yi ina waigen shurɗa, wato 'yan sanda, domin ba ni da izinin aikin. Bayan la'asar kuma in shimfiɗa buzu a tsakar gida, masu neman nahawu da fiƙihu su kewaye ni.

A can aka haifa mana ɗa. Shi ne na fari, shi kaɗai kuma ya rayu. Mai karatu ya sani, a wurin irinmu ba a kiran sunan ɗan fari. Tun ranar suna da aka raɗa masa, ban sake ɗora sunan a harshena ba, uwarsa ma haka. "Kai" muke ce masa in yana kusa, "yaron nan" in yana nesa. Ba mu ɗauki wannan a bakin komai ba, kunya ce da muka tarar iyayenmu suna yi mana.

Yana da shekara ashirin, wata rana ɗalibai suna zaune, ya shigo ya tsaya a kaina, ya ce da Hausarsa mai gauraye da Larabci:

"Baba, wallahi khalas, na gaji. Karatun nan naka bai ba mu iƙama ba, bai kai ni madarasa ba. Ni zan miƙa kaina a yi tarhil da ni."

Tarhil shi ne a kama mutum a mayar da shi ƙasarsa. Shi kuwa ƙasar tasa bai taɓa ganinta ba. Da a ɗaki ya faɗa mini, da na yi shiru, domin gaskiya ya faɗa. Amma a gaban ɗalibai ne, girman kai kuwa ya riga haƙuri isa bakina. Na ce:

"In ka tsallake ƙofar nan, kada ka sake shigo ta ina raye."

Ya dubi uwarsa, ya ɗauki takalminsa a hannu, ya tsallake.

Shekara ashirin da ɗaya muka yi muna jin labarinsa a bakin alhazai, guntu-guntu: yana Kano, ya keta sahara, ya haye teku, yana Turai. Cikin haka aka zo rushe ɓangarenmu na Nakkasa. Ina tsaye rungume da littattafaina na ga katafila ta ɗaga ƙofar nan da ƙyaurenta, ta jefa cikin tarkace. Hajiya ta ce, ba tare da ta dube ni ba, "To Malam, ga ƙofarka can."

Muka sauko Tandabawi, ɗaki guda a wani tsohon gida, kusa da Harami. A nan wani Bahaushen Kumasi mai suna Alhaji Tanko, mazaunin ƙasar Holan, ya yi ta tambaya har ya same ni. Ya zauna, ya ƙi shan shayin da aka zuba masa, sannan ya ce shi ya yi wa ɗana wanka da hannunsa wata takwas da suka wuce. Ciwo ne na 'yan kwanaki. Ba zan siffanta abin da Hajiya ta yi ba.

Da ta lafa, Alhaji Tanko ya zaro takarda daga aljihu. Ashe ɗana ya auri 'yar ƙasar, sun haifi 'ya mace mai suna Safiya, shekararta goma sha bakwai. Ba ta jin Hausa, ba ta jin Larabci, sai Holanci da Turanci, ni kuwa ba ko ɗaya. Takardar wasiƙa ce daga gare ta. Ya karanta yana fassarawa: "Babana ya ce ka hana shi shiga ƙofarka kana raye. In na gama karatu, bayan shekara uku, zan zo umara. Ina tambaya, ni ma an hana ni?"

"Malam, ka faɗi amsa in kai mata," in ji Alhaji Tanko. "In ta zo kuma ai ga waya, yanzu waya tana tafinta."

Na ce, "Alhaji, ka ce mata ta zo. Sauran amsar kuwa ba ta saƙo ba ce. Maganar da ta rufe ƙofar nan daga harshena ta fito, ba daga waya ba. Daga harshena za ta janye, kuma da yaren da yarinyar take ji."

Ya dube ni kamar yadda ake duban mara lafiya. Ya ce, "Malam, ni shekarata goma sha biyar a can, har yau in na je asibiti da ɗana nake tafiya."

Ban saurare shi ba. A raina na ce, wanda ya haddace ɗaruruwan baitocin nahawu a damina guda, yaren mutanen da ba su da i'irabi, wato sauyin wasalin ƙarshen kalma irin na Larabci, ba zai gagare shi ba.

Malamina na farko wani Bahaushe ne da ake kira Ɗan Holan, mai jakar fata da hular sanyi ko da zafi. Ya ce ya yi shekaru a can. Sharaɗinsa shi ne in riƙa tura alhazan da ya samo a kan arabiyya, shi yana karɓar kuɗin, shi kuwa ya ba ni darasi bayan azahar. Wata bakwai ina tura mutanen da wasunsu na girme su, ina komawa in zauna a gabansa in rubuta abin da ya faɗa. Wata rana Allah Ya haɗa ni da wani tsoho, asalinsa Bamagaribe, wato mutumin Maroko, da ya zo daga Holan tare da ɗansa. Muna tsakanin Safa da Marwa na sunkuya na gaishe shi da abin da na koya. Ya juyo ya dube ni. Ɗan ya yi dariya har ya riƙe ciki, sannan ya ce da Larabci:

"Ya Hajj, wa ya koya maka wannan? Ai Jamusanci ne, kuma na bakin tasha."

Na je wurin Ɗan Holan. Ko kunya bai ji ba. Ya ce, "Haba Malam, ai maƙwabta ne. Kamar Kano da Katsina ne." Na tattara takarduna na fito. Wata bakwai cikin shekara ukun sun tafi, gwiwoyina kuma ba su sake komawa yadda suke ba.

Wannan ɗan Bamagariben ne, Allah Ya saka masa, ya kwatanta mini wani dattijo a unguwar Rusaifa mai suna Ammu Sulaiman, Bajawe ne, mutumin Indonesiya, da ya yi shekara ashirin da biyar yana aikin tashar jirgin ruwa a Holan, sannan ya zo ya zauna wurin 'yarsa. Yana da wani ɗan shago inda yake ɗinkin ɗamarar alhazai. Rusaifa ita ce zangona na uku, ko da yake ban taɓa kwana a cikinta ba.

Da na faɗa masa buƙatata, ya cire tabarau ya ce, "Shekararka nawa, ya Shaikh?"

Na ce, "Saba'in da 'yan kai."

Ya ce, "Yaro yana ɗaukarsa a shekara. Ni da nake jinsa safe da yamma sai da na shekara huɗu kafin in daina nuni da hannu. Kai kuwa Allah ne masani." Bai karɓi komai a hannuna ba. Ya ce tajwidinsa ya karkace tun yana ƙuruciya, in gyara masa, shi kuma ya ba ni Holanci. Haka muka yi: rabin zama ni ne malami, rabin zama shi ne.

Na ɗauki karatun yadda na san karatu. Na sa aka sassaƙa mini allo. Kowace kalma in rubuta ta da ajami, in yi mata wasali, in maimaita har ta zauna. Abu ɗaya ya zo mini da sauƙi: harshensu yana da sautuka na maƙogwaro irin na Larabci, har Ammu Sulaiman ya ce maƙoshina ya fi na Turawa da yawa dacewa. Sauran kuwa azaba ce. Akwai wasulan da alƙalamina bai san inda zai ajiye su ba. Akwai aikatau da ake tsagawa biyu, a bar rabi a farkon magana, a jefa rabi can ƙarshe, mai saurare ya yi ta jira. In haddace kalma goma bayan la'asar, in wayi gari da uku, su ma ukun ban tabbata ba. Kan da ya riƙe baitoci ina saurayi ya zama kamar kwando.

Hajiya kuwa ba ta raga mini ba. In ina bita a ɗaki sai ta ce, "Malam, ƙaya ce ta maƙale maka, ko karatun ne?" Wata rana ta ga ina wanke allo, ta ce, "Kada ka zubar. Ka sha mana, ko Allah Zai sa ya zauna." Amma ita ce take tashi ta dafa mini ɗan wake in tafi da shi Rusaifa, ita ce kuma take tambayata, "Yaya suke cewa kaka mace?" In na faɗa, sai ta juya baya tana maimaitawa a hankali.

Abin da ban yi tsammani ba shi ne kewar gida. Ranar da muka kai kan kalmomin ruwan sama da saniya da ciyawa, Ammu Sulaiman ya ce ƙasar duk kore ce, ruwa ba ya ɗaukewa, ƙasa kullum a jiƙe. Sai na ji ƙamshin fadamar garinmu a watan marka, abin da na yi shekara arba'in ban ji ba a cikin duwatsun nan. Sannan na tuna a irin wannan jiƙaƙƙiyar ƙasa ɗana yake kwance. Ranar ban iya ƙarasa darasi ba.

Da shekara ta biyu ta wuce na ga ba zan mallaki harshen ba, sai na koma ga dabarar magabata: abin da ake tsoron mantawa, a ƙulla shi a waƙe. Na tsara abin da nake so in faɗa wa Safiya, Ammu Sulaiman ya juya shi Holanci, ni kuma na yanka shi baiti arba'in, na ɗora masa karin da nake rera wa ɗalibai baitocin nahawu da shi. A ciki na faɗi asalinmu, da yadda muka zo, da abin da na ce ranar nan, da cewa ni ne mai laifi, na janye maganar, na yafe, ƙofa a buɗe take.

Ammu Sulaiman ya saurara har ƙarshe, ya ce, "Ya Shaikh, abu biyu. Na farko, ka ce 'shi' sau talatin. Ina sunansa?"

Na ce, "Ba ma faɗa. Ɗan fari ne."

Ya ɗaga kafaɗa. "Ku Takari da al'adunku. Na biyu, wannan hadda ce, ba magana ba. In ta ba ka amsa fa? Wata nawa ina cewa ka ajiye allon nan ka saurare ni ina magana, kana cewa sai ka gama hadda."

Na ce, "Haka muka yi karatu. Hadda tukuna, fahimta tana biyowa."

Ya ce, "Littafi yana jiranka. Yarinya kwana nawa za ta yi?" Sannan ya tilasta mini jimla ɗaya, wadda ma'anarta ita ce: sake faɗa, a hankali. Na maimaita don kada ya ji haushi, amma ban rubuta ta a allo ba. A ganina maganar ƙaramin ɗalibi ce.

Ta zo a watan Sha'aban, kwana shida kawai. Ban iya zuwa Jidda tarbarta ba saboda shingayen bincike. Jagoran ayarinsu ne ya kawo ta bakin lungunmu bayan la'asar, ya koma. Ammu Sulaiman ya ce zai zo ya zauna a gefe, na ce a'a, maganar gida ce.

Doguwa ce, da goshin ubanta. Hajiya ta fita da gudu ta rungume ta tana kuka tana cewa, "Oma, oma," tana nuna ƙirjinta, wato kaka. Ta ja hannunta su shiga. Safiya ta tsaya a bakin ƙofa, ba ta cire takalmi ba. Ni take kallo.

Na miƙe tsaye, na rufe ido, na fara. Tun a baiti na biyu na ji numfashinta ya sauya. Ban tsaya ba, domin na san in na tsaya zaren zai tsinke. Na kai arba'in ban yi tuntuɓe ko sau ɗaya ba. Na buɗe ido, na ga fuskarta sharkaf da hawaye, na ce a raina, alhamdu lillahi, an gama.

Sai ta fara magana.

Ta yi magana mai tsawo, da sauri, tana share ido, tana nuna ni, tana nuna sama. Ban ji komai ba. Shekara biyu da wata biyar na zaman Rusaifa, da tawadar da na ƙarar, da tafiyar da na yi a rana, duk suka tsaya a bakina, ba abin da ya isa kunnena. Ta gama, tana jiran amsa, ƙafarta har yanzu a waje. Hajiya ta taɓa ni ta ce, "Malam, me ta ce? Ka faɗa mini mana, kai da ka yi karatu."

A nan jimlar nan da na raina ta faɗo bakina. Na sunkuyar da kai kamar yadda nake yi gaban malamaina, na ce mata da Holanci: sake faɗa, a hankali.

Ta sake, kalma-kalma. Na sake roƙo, ta sake. A karo na uku na tsinci kaɗan. Ta ce rabin baitocin ba ta gane su ba, lafazina ya yi nauyi. Abin da ya sa ta kuka karin ne: da shi babanta yake lallashinta tana ƙarama, ba kalmomi, sai gunji kawai. Na faɗa wa Hajiya, ta zauna a ƙasa.

Amma akwai saura. Safiya ta ɗaga yatsa, ta yi tambaya gajeriya, ta maimaita ta har sau huɗu kafin ta shige ni:

"Me ya sa ba ka faɗi sunansa ba? Har yanzu kana fushi?"

Na buɗe baki in yi bayani. In ce mata kunya ce, in ce a wurinmu wanda aka fi so shi ake ɓoye sunansa, in ce uwata ma ba ta taɓa kiran sunan yayana ba har ta rasu. Na lalubi duk abin da ke kan allona. Akwai saniya, akwai ruwan sama, akwai tashar jirgi, akwai kwanakin mako. Babu kunya, babu ɗan fari. Ita kuwa a ƙasar da ta tashi, wanda aka daina kiran sunansa shi ne wanda aka yanke. Baiti arba'in na ce na yafe, shirun da ke tsakaninsu kuwa yana ce mata ban yafe ba.

Hanya ɗaya ta rage, wadda ba ta buƙatar Holanci. Na faɗi sunan.

Ya fito da ƙyar, kamar ƙyauren da ya daɗe a rufe. Shekara arba'in da huɗu rabon harshena da shi. Hajiya ta ja mayafi ta rufe fuskarta. Na sake faɗa, da ƙarfi, na ƙara da kalmomi biyu na Holanci da na tabbata na iya: ɗana ne.

Safiya ta sunkuya, ta kwance takalminta, ta shigo.

Kwanakin da suka rage ba mu yi wata doguwar hira ba, kada in yi wa mai karatu ƙarya. Mafi yawa nuni ne da dariya da "sake faɗa". Ta ci tuwon Hajiya da cokali, Hajiya tana ce mata, "Ke da hannu ake ci, 'yar nema!" A rana ta uku ta tambaye ni da wane harshe na kori babanta. Na ce da Hausa. Ta ce to da Hausa za ta kai masa amsa. Na zaunar da ita a kan buzu, na ba ta jimla ɗaya baki da baki, yadda aka ba ni karatu: sunansa a farko, sannan "babanka ya yafe maka, kai ma ka yafe masa." Kwana uku tana fama da ita. Na ga yadda take cije leɓe in ta manta, na gane ciwon.

Bayan ta koma da mako biyu, saƙon murya ya shigo wayar Hajiya. Iska ce take kaɗawa, da ƙarar ruwa a kan laima, sannan muryarta a bakin kabari, tana faɗin jimlar da karkatacciyar Hausarta. Ko mamaci yana ji ko ba ya ji, malamai sun yi saɓani, kuma na karanta hujjar kowane ɓangare. Ranar ban nemi wanda ya fi rinjaye ba.

Har yanzu ina zuwa Rusaifa sau biyu a mako, in gwiwa ta yarda. Allon yana rataye a bango. Ammu Sulaiman yana ɗinki yana magana, ni ina saurare, in na ɓace in ce ya sake. Safiya tana aiko da saƙo duk Juma'a. Cikin kalma uku nakan kama ɗaya, wani makon ma ba na kamawa. Na gaji, kuma na san ba zan kai ƙarshen harshen nan ba kafin a kira ni. Na yarda da haka.

Allah Ya gafarta wa iyayenmu da malamanmu, Ya saka wa waɗanda suka tausaya mana a baƙunci, Ya shiryi wanda ya cuce mu. Wanda takardar nan ta isa hannunsa, ina roƙonsa ya sa ɗana cikin addu'a. Sunansa Habibu.